Daga Yaba zuwa Shika: Tarihin Auna Ingancin Karatun Likita a Jami'o'in Najeriya

Auna ingancin karatun likita, wato bin diddigin makarantar da ke horar da masu duba marasa lafiya domin a tabbatar cewa wanda ta yaye ya cancanci a danƙa masa rayukan jama'a, aiki ne da ya girmi jami'o'in Najeriya su kansu, kuma duk tsawon tarihinsa a ƙasar yana tafiya ne a kan tambayoyi biyu da ba su taɓa rabuwa da juna ba, wato wane ne ke riƙe da ma'aunin, kuma mene ne ake aunawa da shi. An amsa tambaya ta farko cikin 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, lokacin da ikon tantance makarantu ya baro Landan ya dawo Legas, daga bisani kuma Abuja. Tambaya ta biyu ita ce mai wuyar, domin abin da aka gada daga zamanin mulkin mallaka shi ne ƙidayar gine-gine da gadaje da malamai da kayan aiki, abubuwan da ido ke iya gani a ranar ziyara, alhali abin da majinyaci ke nema wurin likita, wato ya saurare shi, ya gano cutarsa, ya yi masa magani da abin da ake samu a garinsu, bai cika samun gurbi a takardar maki ba.

Kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da hanyarta ta tace masu magani, sai dai hanyar ba ta bi ta makaranta ba. Wanzami da maɗori da ungozoma galibi gadon sana'ar suke yi, yaro ya shafe shekaru yana ɗaukar wa mahaifinsa zabira, yana kallon yadda ake kaciya da ƙaho da cire belu, kafin a yarda ya riƙe aska da hannunsa, kuma a manyan garuruwa akwai Sarkin Aska da ke shugabantar wanzamai, wanda ake kai wa ƙarar duk wanda ya yi ɓarna. Malamai masu karanta littattafan ɗibbu, wato ilimin magani da aka rubuta da Larabci, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kansa, su kuma ijaza suke karɓa, wato shaidar da malami ke bai wa almajirinsa cewa ya karanta littafi kaza a gabansa kuma ya ba shi izinin karantar da shi. A duka hanyoyin biyu mutum ake yi wa shaida, kuma mai yin shaidar shi ne wanda ya ga aikinsa da idonsa. Abin da tsarin Turawa ya zo da shi sabo shi ne yi wa makaranta shaida, sa'an nan a ɗauka cewa duk wanda ya fito daga cikinta ya cancanta.

Wannan tsari yana da tushe biyu. Na farko shi ne dokar da majalisar dokokin Birtaniya ta yi a 1858, wadda ta kafa Babbar Majalisar Likitoci, da aka fi sani da GMC, ta kuma ba ta ikon ajiye rajistar likitoci, wato kundin sunayen waɗanda doka ta amince su kira kansu likitoci, tare da ikon duba jarrabawar makarantun da takardunsu ke kai mutum cikin kundin. Tushe na biyu daga Amurka ya fito. A 1910 Gidauniyar Carnegie ta wallafa rahoton Abraham Flexner, wani malamin makaranta da ba likita ba, wanda ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada yana duba sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai, da yawan malamai, da kuɗin shiga, da ɗakunan gwaje-gwaje, da kuma ko makarantar tana da asibitin da ɗalibai za su koyi aiki a gefen gado. Ya ɗauki makarantar Johns Hopkins a matsayin abin koyi, ya ba da shawarar a rage makarantun zuwa 31, kuma cikin shekaru ashirin da biyar fiye da rabinsu suka rufe ko suka haɗe da wasu. Rahoton ya kawar da makarantun 'yan kasuwa da ke sayar da takardar likita ga duk mai kuɗi, kuma wannan alheri ne babba, amma ya zo da asarar da bai kamata a manta da ita ba, domin daga cikin makarantu bakwai da ke horar da baƙaƙen fatar Amurka biyu kaɗai suka tsira, Howard da Meharry. Tun daga farko ke nan aka ga cewa ɗaga ma'auni yana rage yawan likitoci, kuma waɗanda dama ba su da galihu su ne ke fara jin raɗaɗin ragin.

A Afirka ta Yamma batun inganci ya cakuɗe da wariyar launin fata tun kafin a gina makaranta ko ɗaya. Akwai 'yan Afirka da suka kammala karatun likita a Birtaniya tun tsakiyar ƙarni na 19, irin su James Africanus Horton ɗan Saliyo, da Nathaniel King wanda ya yi karatu a Edinbura ya dawo ya yi aiki a Legas, amma da aka kafa rundunar likitocin gwamnati ta Afirka ta Yamma a 1902 sai aka keɓe ta ga Turawa zalla, ko da kuwa ɗan ƙasa yana riƙe da takarda iri ɗaya da tasu. A cikin wannan yanayi ne aka buɗe Makarantar Likitanci ta Yaba a Legas a 1930, domin a horar da waɗanda aka kira mataimakan likita. Karatunsu yana da tsawo kuma jarrabawar tana da tsanani, har waɗanda makarantar ta yaye cikin shekaru goma sha takwas na rayuwarta ba su kai ɗari ba, cikinsu har da Michael Okpara wanda daga baya ya zama Firimiyan Jihar Gabas, amma takardar da suke samu ba ta kai mutum cikin rajistar GMC, ba ta da daraja a wajen Najeriya, kuma albashin mai ita yana ƙasa da na abokin aikinsa da ya yi karatu a Ingila, ko da su biyun suna duba majinyata iri ɗaya a ɗaki ɗaya. Fushin da wannan ya haifar, tare da irin ƙorafin da aka yi kan Babbar Kwalejin Yaba baki ɗaya, shi ne ya kai ga kafa Ƙungiyar Matasan Legas a 1934, wadda Dokta J. C. Vaughan da Ernest Ikoli da H. O. Davies da Samuel Akinsanya suka jagoranta, kuma wadda ta rikiɗe ta zama Ƙungiyar Matasan Najeriya a 1936.

Muhimmancin Yaba a wannan tarihi ya wuce yawan ɗaliban da ta yaye, saboda tabon da ta bari a zukatan 'yan boko. Daga lokacin duk wata magana ta daidaita karatun likita da buƙatun ƙasa, ko rage tsawonsa, ko karkatar da shi ga cututtukan karkara, sai a ji ta a matsayin dabarar bai wa baƙar fata ilimi mai rahusa, kuma masu wannan zargi suna da hujja, domin abin da aka yi musu ke nan. Sakamakon shi ne 'yan kishin ƙasa da kansu suka dage cewa ba za su karɓi komai ba sai ma'aunin Landan, cikakke ba ragi. Ƙasashen renon Faransa ma sun bi ta irin wannan hanya, domin makarantar likitanci da aka buɗe a Dakar a 1918, wadda ɗaliban yankin har da na Nijar ke zuwa, likitoci mataimaka take yayewa, masu muƙami ƙasa da na likitan Faransa, kuma Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa yana cikin waɗanda suka fito daga cikinta.

Arewa kuwa tana can baya nesa a wannan zamani. Abin da ta samu a farkon shekarun 1930 shi ne makarantar horar da masu ba da magani a Zariya, waɗanda ke riƙe ɗakunan shan magani na En'e, da Makarantar Tsafta ta Kano mai horar da duba-gari. Likita na farko ɗan Arewa, Dokta R. A. B. Dikko, wanda ya tashi a Wusasa kuma asibitin koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna ke ɗauke da sunansa a yau, sai da ya je Bamingham ta Ingila kafin ya samu takardar da ake girmamawa. A tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe makarantar likitanci a Kano domin ta samar da mataimakan likita cikin hanzari, ganin irin ƙarancin da ake fama da shi a lardunanta, amma makarantar ba ta yi dogon zamani ba, domin ta zo a lokacin da ra'ayin ƙasa ya riga ya juya wa irin wannan takarda baya.

Misali mafi bayyana na ƙarfin ma'aunin waje shi ne abin da ya faru a Ibadan. Bisa shawarar kwamitocin Asquith da Elliot, waɗanda suka miƙa rahotanninsu a 1945, an buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a ƙarƙashin wata alaƙa ta musamman da Jami'ar Landan, ma'ana Landan ce ke amincewa da manhaja, tana sa hannu a jarrabawa, kuma digirinta ake bayarwa. Tsangayar likitanci tana cikin tsangayoyin farko, kuma asibitin da aka tanada domin koyarwa shi ne Adeoyo, asibitin hukumar gargajiya ta Ibadan, wanda aka yi wa gyare-gyare da ƙarin ɗakuna. Da masu duba makarantu suka zo daga Landan a farkon shekarun 1950 sai suka ƙi amincewa da shi, don haka ɗaliban da suka gama shekarun farko na ilimin sassan jiki da na yadda gaɓoɓi ke aiki aka riƙa tura su asibitocin koyarwa na Birtaniya su ƙarasa. Domin a cika sharaɗin ne aka yi doka a 1952, aka gina Asibitin Kwalejin Jami'a, wato UCH, mai gadaje 500, aka buɗe shi ranar 20 ga Nuwamban 1957, kuma a 1960 aka yaye rukunin farko na likitocin da suka yi karatunsu gaba ɗaya a Ibadan.

Duk mai adalci zai yarda cewa tsananin Landan ya haifar da makaranta ta ƙwarai, wadda cikin ɗan lokaci sunanta ya kai ko'ina a ƙasashen renon Ingila, kuma daga cikinta malaman makarantun da suka biyo baya suka fito. Amma hukuncin da aka yanke wa Adeoyo ya kafa wata fahimta da ta daɗe tana tasiri, cewa asibitin da talakawa ke zuwa da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da naƙuda mai gardama bai isa wurin koyon likitanci ba sai an gina wani na dabam mai kama da na Landan. Ɗalibin da aka tura Ingila a waɗannan shekaru ya ga cututtukan mutanen Ingila, ya dawo ya tarar da na ƙasarsa yana buƙatar sabon koyo. Ibadan da kanta ta fahimci giɓin, shi ya sa a 1963, shekara guda bayan ta zama jami'a mai cin gashin kanta, ta fara shirin lafiyar al'umma na Ibarapa a garin Igbo-Ora da tallafin Gidauniyar Rockefeller, inda ɗalibai ke zama makonni a karkara suna ganin cuta a inda take tsirowa.

Akwai wani ɓangare na gadon Landan da ya cancanci yabo ba tare da togaciya ba, shi ne al'adar gayyato mai jarrabawa daga waje, wato farfesa daga wata jami'a da ke zuwa ya zauna tare da malaman gida a jarrabawar ƙarshe. A tsohon salon jarrabawar gefen gado akan haɗa ɗalibi da majinyaci na gaskiya a ba shi kimanin sa'a guda, ya tambayi tarihin ciwon, ya duba idanu da harshe, ya latsa ciki ya ji ko saifa ta kumbura, ya sa abin sauraren ƙirji, sa'an nan masu jarrabawa su zo su tsaya a kansa, ya bayyana abin da ya gano da abin da zai yi, su kuma su ce ya nuna musu da hannunsa yadda ya gano shi. A nan ne kawai tsarin ke auna ɗalibin kansa yana aiki, kuma baƙon farfesa ba shi da dalilin rufa wa makarantar asiri. Salon yana da rauninsa, domin sa'ar ɗalibi ta rataya a kan irin majinyacin da ya faɗo masa da halin mai jarrabawar, abin da ya sa daga baya makarantu da yawa suka rungumi tsarin da Ronald Harden ya bayyana a Dundee a 1975, inda kowane ɗalibi ke bi ta tashoshi iri ɗaya, yana yin 'yan mintoci a kowace, ana ba shi maki bisa jerin abubuwan da aka tsara tun farko.

Ikon tantancewa ya dawo gida a 1963, lokacin da dokar likitoci da likitocin haƙori ta kafa Majalisar Likitoci ta Najeriya, wadda doka mai lamba 23 ta 1988 ta maye gurbinta da majalisar da ake kira MDCN a yau. A ɗaya ɓangaren, bisa shawarar kwamitin Ashby, an kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, a 1962 a matsayin mai ba da shawara, ta samu ikon doka a 1974, kuma wanda ya riƙe ta daga 1975 zuwa 1979 likita ne da Ibadan ta yaye, Farfesa Jibril Aminu. A tsakanin waɗannan shekaru makarantu suka yawaita. Legas ta buɗe tata a 1962, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta buɗe tsangayar likitanci a 1967 a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, wanda shi ma likita ne, na yara, ta yaye rukunin farko a 1972, sa'an nan Jos da Maiduguri da Ilori da Sakkwato da Kano suka biyo baya.

Zariya ta bi hanyar da ta saɓa wa ta Ibadan, wani ɓangare bisa tilas, wani bisa zaɓi. Ba ta jira an gina mata katafaren asibiti ba, sai ta karɓi asibitocin gwamnati da ke akwai a Zariya da Kaduna da Malumfashi ta mai da su wuraren koyarwa, kuma ba ta tare a mazauninta na dindindin da ke Shika ba sai a 2005. Ɗalibanta sun koyi aiki a cikin annobar sanƙarau, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, da saran maciji, da yoyon fitsari, kuma daga waɗannan ɗakunan jinya marasa ƙawa aka yi binciken da duniya ta karanta, ciki har da nazarin Kelsey Harrison kan haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, wanda aka wallafa a 1985, ya kuma nuna yadda rashin ilimin mata da rashin zuwa awo ke da alaƙa da mutuwar masu juna biyu. Eldryd Parry, wanda ya koyar a Zariya daga 1969, shi ne ya je ya kafa tsangayar Ilori a kan tsarin tura ɗalibai ƙauyuka tun daga shekarun farko na karatu, tsarin da ya dace da sanarwar Alma-Ata ta 1978 kan kiwon lafiya matakin farko. Tarihin Zariya hujja ce cewa ingancin makarantar likita ya fi rataya a kan malaman da ke tsayawa da ɗalibi a gefen gado fiye da kyan ginin da gadon ke ciki.

Tantancewa a sigarta ta yanzu ta samo asali ne daga doka mai lamba 16 ta 1985, wadda ta bai wa NUC ikon gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗan karatu da kuma tantance digirori. An fitar da sharuɗɗan a 1989, aka yi zagayen farko na tantancewa a 1990 zuwa 1991, kuma lokacin ya zo daidai da shekarun tsuke bakin aljihu da suka biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, ɗakunan karatu suka daina samun mujallun kimiyya, manyan likitoci da yawa kuma suka tafi Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa neman albashin da zai riƙe iyali. Daga nan makarantar likita ta zama mai amsa wa iyayen gida biyu. NUC tana duba digiri a matsayinsa na karatun jami'a, tana ba da maki kan manhaja da malamai da gine-gine da ɗakin karatu da kuɗi, kuma sakamakonta iri uku ne: cikakkiyar amincewa ga wanda ya samu kashi 70 cikin ɗari gaba ɗaya da kuma a kowane babban fanni, amincewar wucin gadi ta shekara biyu ga wanda ya gaza kaɗan, da hana amincewa, wanda ke nufin a daina ɗaukar sababbin ɗalibai. MDCN kuwa tana duba ko wanda aka yaye ya cancanci lasisin aiki, tana kai ziyara a matakai daban-daban tun kafin a ɗauki ɗalibi na farko, tana bin ƙa'idojin da ta tattara a kundin da likitoci ke kira Jan Littafi, kuma ita ce ke yanke wa kowace makaranta gurbi, wato adadin ɗaliban da aka yarda ta ɗauka a shekara gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Bayan digiri ma ba a sakin sabon likita sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, da rajistar wucin gadi.

Ziyarar tantancewa 'yan kwanaki ce, kuma an san ranarta tun da wuri. Tawagar farfesoshi daga wasu jami'o'i takan fara da gaisuwa a ofishin shugaban jami'a, sa'an nan ta rarrabu, wasu su shiga ɗakin fiɗa su ƙirga gawarwakin da aka tanada domin koyon sassan jiki su kwatanta da yawan ɗalibai, wasu su ƙirga madubin hangen ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, wasu su zauna da fayil-fayil na malamai suna duba takardun ɗaukar aiki, a ɗebo tsofaffin takardun jarrabawa da rahotannin masu jarrabawa na waje, a zaga ɗakunan jinya da na tiyata da masaukin ɗalibai. Amfanin wannan a fili yake, domin sau da yawa tsoron ziyarar ne kaɗai ke sa gwamnati ko mai jami'a ya saki kuɗin da shugaban tsangaya ya shekara yana roƙo. Amma malaman jami'a da kansu sun sha kokawa a rubuce da baki cewa wasu makarantu kan yi aron malamai da kayan aiki na 'yan kwanakin ziyara, a shafa fenti, a jera littattafai, tawaga na juya baya komai ya koma inda ya fito. Ko da ba a yi wannan rufa-rufa ba, tsarin makin kansa ya fi nauyi a kan abin da aka zuba a makaranta, domin yawan malamai da matsayinsu ne ke ɗaukar kaso mafi girma, ra'ayin waɗanda suka ɗauki ɗaliban aiki bayan kammalawa kuwa kasonsa ɗan ƙanƙani ne. Lamarin ya yi kama da na mai sayen hatsi da ya tsaya duba lafiyar mudu da kyan buhu bai damƙi tsabar ya duba ba.

Daga cikin abubuwan da ma'aunin bai kama ba akwai harshe. Da Turanci ake koyarwa, da shi ake jarrabawa, kuma samun lasisi bai rataya a kan iya magana da majinyaci da harshen da yake ji ba, alhali yawancin gano cuta daga tambaya da amsa yake farawa. A asibitocin koyarwa na Arewa abu ne sananne a ga ɗalibi ko sabon likita yana neman ma'aikaciyar jinya ko ɗan'uwan wani majinyaci ya yi masa tafinta, kuma matar da ke fama da ciwon da take jin kunyar faɗa ba za ta faɗe shi ta bakin mutum na uku ba. Haka nan idan makaranta ta gaza, ɗalibai ne ke ɗaukar hukuncin laifin da ba nasu ba. A watan Afrilun 2012 gwamnatin tarayya ta dakatar da karatun likita da na likitan dabbobi da aikin gona da injiniya a Jami'ar Abuja saboda rashin cika sharuɗɗa, bayan an riga an ɗauki ɗaliban likitanci tun 2005, waɗanda suka ƙare da shafe shekaru masu yawa fiye da shida da aka tsara.

Sauran sana'o'in lafiya sun bi sawun likitoci, kowace da majalisarta mai tantance nata sashe a jami'a: ta ma'aikatan jinya da ungozoma bisa dokar 1979, ta masu harhaɗa magunguna bisa dokar 1992 da aka sabunta a 2022, da ta masu gwaje-gwajen asibiti bisa dokar 2003. A Nijar kuwa, inda aka fara karatun likita a Jami'ar Yamai a 1974, babban ma'aunin na yanki ne, wato majalisar CAMES da shugabannin ƙasashen renon Faransa suka kafa a taronsu na Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke daidaita darajar digirori tsakanin ƙasashe, kuma ta hannunta malamin likitanci ke hawa matakin farfesa bayan gasar jarrabawa a gaban alƙalai daga ƙasashe daban-daban.

A ƙarni na 21 ma'aunin waje ya sake kunno kai ta wata ƙofa. A 2010 hukumar Amurka mai tantance likitocin da suka yi karatu a ƙetare, wato ECFMG, ta sanar da aniyarta ta ɗaure takardar shaidarta da sharaɗin cewa hukumar da ta tantance makarantar mutum ita ma ta samu amincewar Tarayyar Ilimin Likitanci ta Duniya, wato WFME, daga 2023, wa'adin da aka ɗaga zuwa 2024 aka kuma sassauta yadda ake aiki da shi. Ma'anar wannan ita ce yanzu mai tantancewa ma ana tantance shi, kuma ga ƙasar da likitocinta ke ficewa zuwa Birtaniya da Amurka da Kanada da Saudiyya, matsin lambar daidaita manhaja da buƙatun waɗancan ƙasashe ba ƙarami ba ne. A gida kuma NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja a Disambar 2022, wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta, damar da tsangayoyin Kano da Sakkwato da Maiduguri za su iya amfani da ita wajen shigar da ciwon sikila da tamowa da jijjigar masu ciki da koyon tambayar majinyaci da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci a matsayin darasin da ake jarrabawa a kai.

Abin da ya rage shi ne 'yancin mai riƙe da ma'aunin. Gwamnatin tarayya ce ke da yawancin manyan asibitocin koyarwa, ita ke ba su kuɗi, ita kuma ke naɗa majalisar da za ta ce sun isa ko ba su isa ba, kuma daga 2015 zuwa 2018 MDCN ta zauna ba tare da cikakkiyar majalisa ba bayan an rushe hukumomin gudanarwar ma'aikatun gwamnati. A 2023 aka sanar da ninka gurbin ɗaliban likitanci daga kimanin 5,000 zuwa 10,000 a shekara domin cike giɓin masu ficewa, a daidai lokacin da ƙwararrun likitocin da za su koyar da su suke cikin masu ficewar. Tun da asalin gurbi lissafi ne na malamai da gadaje, tawagogin da za su ziyarci Shika da sauran asibitocin koyarwa a shekaru masu zuwa za su tarar da azuzuwan da suka ninka, kuma aikinsu zai kasance su ƙirga mutum nawa ke kewaye da gado ɗaya a lokacin zagayen safe, su rubuta adadin da suka gani a rahoton da za su miƙa wa gwamnatin da ta ba da umarnin ƙarin.